Me ya sa ake kiran sayanayid "jabun halayid" alhali babu halojin ko ɗaya a jikinsa?

Ɗalibi_Jahun:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ina gida hutu, ina bitar kemistiri kafin mu koma makaranta, sai na iso babin sudohalayid da sudohalojin. An jero mana su: sayanayid CN⁻, sayanet OCN⁻, tayosayanet SCN⁻, azayid N₃⁻. An ce wai jabun halayid ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, halojin dai mun san su, fulorin, kulorin, buromin, aidin, 'yan rukuni na 17. Waɗannan kuwa babu ko ɗaya a jikinsu, daga kabon sai naitirojin sai oksijin sai farar wuta. To ina dangantakar take? Ni a ganina suna ne kawai aka laƙa musu don a ƙara wa ɗalibi abin haddacewa. Tun hantsi nake zaune da littafin a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, na kasa gano inda abin ya shafi mutumin da ke nan ƙauye. Wanda ya fahimta ya taimaka don Allah.

Malam_Sinadari_Gumel:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayarka mai kyau ce, amma ka duba ta wata fuskar. Ba don jini ɗaya aka ba su sunan ba, don hali ɗaya ne. Ɗauki kulorayid Cl⁻, wanda halayid ne na asali, wato halojin mai ɗauke da caji, ka ajiye a gefe, ka ɗauko sayanayid CN⁻ ka ajiye kusa da shi. Dukansu caji mainos ɗaya gare su. Ka ba kulorayid haidirojin, ya zama asid HCl. Ka ba sayanayid, ya zama HCN. Ka zuba ruwan gishirin azurfa, wato AgNO₃, a kan kulorayid, nan take wani farin abu ya tsinke kamar madarar da ta lalace ya kwanta a gindin kwalba, AgCl ke nan. Sayanayid ma haka yake yi, tayosayanet ma haka, farin gishirin azurfa da ba ya narkewa a ruwa. Sannan babbar alamar: kamar yadda kulorin biyu ke riƙe hannun juna su zama iskar Cl₂, haka CN biyu ke haɗuwa su zama iskar (CN)₂, wadda ake kira sayanojin. Ita ce sudohalojin ɗin, shi kuma CN⁻ shi ne sudohalayid. Bafaranshen nan Gay-Lussac ne ya fara samar da sayanojin a 1815, amma sunan sudohalojin sai a 1925 Birckenbach da Kellermann na Jamus suka fito da shi, bayan an tara irin waɗannan sinadarai an ga duk salonsu ɗaya.

Ɗalibi_Jahun:
Na gode Malam. Amma ai naitiret NO₃⁻ ma caji mainos ɗaya ne, kuma yana da asid ɗinsa. Me ya hana a sa shi cikinsu?

Malam_Sinadari_Gumel:
Madalla, yanzu ka fara kama bakin zaren. Gishirin azurfar naitiret narkewa yake yi a ruwa sarai, shi ne ma ruwan gwajin da muke amfani da shi. Ya faɗi a wannan jarrabawar tun farko. Ga ƙarin misali biyu da nake so ka rubuta a littafinka, ɗaya a saman ɗaya. Kulorin a cikin ruwan soda irin ta yin sabulu, wato NaOH, yakan rabe gida biyu, Cl⁻ da OCl⁻, abin da ke cikin ruwan bilic ke nan. Sayanojin a cikin ruwan soda shi ma rabewa yake, CN⁻ da OCN⁻. Na biyu: ayon ɗin tagulla Cu²⁺ in ya gamu da ayodayid, sai a samu CuI da aidin I₂. In ya gamu da sayanayid, sai a samu CuCN da (CN)₂. Ka cire harafin I ka sa CN a gurbinsa, lissafin bai motsa ba. Amfanin sunan ke nan. Wanda ya san halin aidin zai iya hasashen halin wani sinadarin da bai taɓa gani ba. Wannan na biyun a takarda kawai ake yin sa, kada wani ya ce zai gwada, sayanojin guba ce mai kisa.

Hafsat_Kazaure:
Malam, ni ma ina karanta wannan babin, amma ina da ja. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. HCl da HBr da HI duk asid ne masu ƙarfi, shi kuwa HCN rarrauna ne ƙwarai, pKa ɗinsa, wato ma'aunin da ke ƙaruwa gwargwadon raunin asid, wajen 9.2. Asid ɗin azayid, HN₃, ƙarfinsa kusan ɗaya yake da na asid ɗin da ke cikin binega. Sannan a wajen riƙe ƙarfe, halayid suna can ƙarshen masu rauni a jerin ligan, wato sinadaran da ke manne wa ƙarfe, sayanayid yana ɗaya ƙarshen na masu ƙarfi. To ina kamar take a nan? Ina ganin Ɗalibi_Jahun yana da ɗan gaskiya.

Malam_Sinadari_Gumel:
Malama Hafsat, duk abin da kika faɗa haka yake. Sai dai ki tuna HF ma rarrauna ne, kuma shi ɗan gida ne na asali. HSCN kuma asid ne mai ƙarfi, ya fi kusa da 'yan gidan. Ba a ce tagwaye ba ne, an ce jabu.

Baffa_Makiyayi:
Salamu alaikum. Ni ban yi karatun nan naku mai zurfi ba, sakandare na tsaya, yarona ne ya sa ni a wannan zaure. Amma na ga ana ta ambaton sayanayid, kuma wannan kalmar na taɓa jin ta a bakin likitan dabbobi ranar da ban manta ba. Bara waccan, bayan an yanke dawa, aka yi wani ruwa na ƙarshe da ba a zata ba, sai kututturen dawar suka sake tofo, kore shar, bai kai gwiwa ba. Yara suka saki awaki a gonar da safe. Kafin azahar uku sun kwanta. Na iske ɗaya tana numfashi sama-sama, baki a buɗe, yawu na zuba, jiki na karkarwa, ƙafafu na shure-shure. Muka yi maza muka yanka ta, jinin da ya fito ja ne jawur, ya fi na kullum haske. Likitan da ya zo daga baya ya ce sayanayid ne a cikin tofon dawar. Tun muna yara iyayenmu ke hana mu sakin dabba a gyauron dawa, amma ba su taɓa gaya mana sunan abin ba. Shi wannan yaron da ya ce bai ga inda abin ya shafi mutumin ƙauye ba, to ni ya shafe ni, awaki uku.

Dakta_Dabbobi_BKudu:
Allah ya mayar da alheri, Baffa. Abin da ka kwatanta shi ne daidai. Ƙaramar dawa tana ɗauke da wani sinadari mai suna durin, sunan ma daga kalmar Larabci ta dawa aka samo shi. Shi kansa a kulle yake cikin ganyen. Sai dabba ta tauna, ƙwayoyin ganyen suka farfashe, sannan HCN ke fita, tumbin mai tuƙa kuma yana ƙara hanzarta abin, shi ya sa shanu da awaki da tumaki suka fi doki da jaki shiga haɗari. Ya fi yawa a tsiro ƙarami, da tofon bayan yanka, da dawar da fari ya dakushe sannan ruwa ya sauka a kanta. Karan da ya girma ya bushe ba shi da wannan matsalar sosai. Jan jinin da ka gani kuwa, dalilinsa shi ne sayanayid yana zuwa ya kama ƙarfen da ke cikin wani inzayim da ƙwayoyin jiki ke amfani da shi wajen cin oksijin. Jini na ɗauke da iskar, amma jiki ya kasa karɓa, sai ta dawo yadda ta tafi. Dabba ta shaƙe alhali huhunta cike yake da iska. Akwai allura, muna amfani da sodiyam tayosalfet, amma sai an riski dabbar da wuri, abin ba ya jira.

Auwal_Taura:
Mu a wajenmu kumburin ciki muke ce wa wannan, mu ɗura wa dabba man gyaɗa.

Dakta_Dabbobi_BKudu:
Malam Auwal, a rarrabe. Kumburin ciki daban ne, iska ce ke taruwa a tumbi, ka ga ɓangaren hagu ya tashi kamar ganga, galibi bayan dabba ta cika ciki da ɗanyen ganyen wake ko jiƙaƙƙiyar ciyawa. A nan mai yana iya taimakawa. Na dawa kuwa man gyaɗa ba ya yi masa komai. Akwai ma na uku, gubar naitiret, ita jinin baƙi-baƙi yake fitowa kamar ruwan shayi mai kauri. Launin jini yana ba da labari.

Hafsat_Kazaure:
Dakta, ka ga abin da na faɗa ɗazu ke nan. Wannan riƙon da sayanayid ke yi wa ƙarfe, kulorayid ba ya yin irinsa. Kullum muna cin kulorayid a gishiri, lafiya lau. Ashe a inda ya fi muhimmanci, wato rai da mutuwa, babu kama ko kaɗan.

Ummu_Khalil_Nas:
Ƙanwata Hafsat, ki tsaya ki ji ɓangarenmu na asibiti, don ina ganin a nan ne amsar Ɗalibi_Jahun take. Jikin mutum yana da hanyar kashe kaifin sayanayid in kaɗan ne. Akwai inzayim a hanta, rodanis, da ke ɗauko farar wuta ya manna wa CN⁻ ya mayar da shi SCN⁻, tayosayanet, wanda fitsari ke fitarwa. Allurar da Dakta ya ambata ma aikinta ke nan, ƙara wa hanta farar wutar. To amma ga inda gizo ke saƙa. A gaban maƙogwaro akwai tayirod, wadda aikinta tsamo ayodayid I⁻ daga jini. Ƙofar da take shigar da shi tana duba girma ne da caji. Tayosayanet kuwa cajinsa ɗaya da na ayodayid, girmansu ya yi kusa. Sai ya zo ya tare ƙofar, ayodayid ya rasa hanya. In dama mutum aidin ɗin da yake samu a abinci kaɗan ne, tayirod ta yi ta faɗaɗa tana neman abin da ba ta samu, sai ka ga maƙoƙo ya fito. A ɗakin shan magani na ƙauyen da na fara aiki akwai wata dattijuwa da ke zuwa awon jini, kullum da mayafi naɗe a wuya ko da zafi ake. Ranar da ta saki jiki da ni ta kwance, abin ya kai girman lemon zaƙi, in ta haɗiyi yawu sai ya hau ya sauka. Ba zan ce ga takamaiman abin da ya jawo nata ba tunda ba a yi gwaji ba, amma tun ranar ban ƙara ɗaukar maganar aidin da wasa ba. Ba marubuta littafi kaɗai ne suka ga kamar ba, jikinmu da kansa yana ruɗewa tsakanin su biyun.

Malam_Sinadari_Gumel:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Shekara goma sha ina koyar da wannan babi, ban taɓa kawo wa ɗalibai misalin tayirod ba. Daga bana zan fara da shi.

Sani_Mai_Rogo:
To jama'a ku tsaya, mu masu noman rogo ina matsayinmu? Na sha jin ana cewa rogo na da wannan gubar. Ni kuwa tun ina yaro nake cin dafaffen rogo da ƙuli da yaji, har ɗanye muna ɓarewa a gona mu ci. Kada a ɓata mana sana'a.

Ummu_Khalil_Nas:
Malam Sani, babu mai ɓata maka sana'a, Najeriya ce ma kan gaba a duniya wajen noman rogo. Amma gaskiya ne yana da wani sinadari, linamarin, ɗan uwan na dawar nan. Rogo iri-iri ne. Mai zaƙin da muke dafawa a nan nasa kaɗan ne, kuma yawanci a ɓawo yake. Mai ɗaci, wanda ake garin kwaki da alabo da shi, shi ne sai an fere, an gurza ko an jiƙa kwanaki, an matse, an shanya ko an soya. Ma'aunin da aka amince da shi a duniya ga garin rogo shi ne kada ya wuce miligiram 10 na HCN a kilo ɗaya. Inda ake samun matsala shi ne lokacin yunwa, mutane su gajarta jiƙon don sauri, ga shi babu ƙwai ko kifi ko nama da zai ba hanta farar wutar da take buƙata. A Kwango an daɗe da sanin wata cutar shanyewar ƙafafu mai suna konzo da ke bin irin wannan yanayi, a kudu maso yammacin ƙasar nan ma Farfesa Osuntokun na Ibadan ya yi bincike mai yawa a kan cutar jijiya da ke da alaƙa da yawan cin rogon da bai sarrafu ba. Ɗanye dai a rage, musamman ga yara, kuma in ka ji ɗaci a harshe ka tofar.

Malam_Sinadari_Gumel:
Ƙari kan maganar Hajiya: HCN yana tafasa ne a wajen digiri 26 na ma'aunin Salsiyos. Ku auna da zafin Jigawa a watan Afrilu. Shi ya sa shanya a rana ke aiki, da zarar ya kuɓuta daga rogon sai ya bi iska. Matan da ke baza alabo a kan tabarma kemistiri suke yi tsantsa.

Baffa_Makiyayi:
Ɓawon rogon fa? Muna ba awaki.

Dakta_Dabbobi_BKudu:
A shanya shi ya bushe ƙarau tukuna, Baffa. Ɗanye kada a ba su da yawa, ballantana in sun kwana da yunwa.

Injiniya_Wudil:
Ku ba ni dama in sako azayid, na ga an manta da shi. Ni bakanike ne. Jakar iskar nan da ke fashewa daga sitiyari in an yi karo, a tsofaffin motoci da yawa sodiyam azayid ne a ciki, NaN₃. Wuta ta taɓa shi, cikin ƙiftawar ido ya watse ya zama iskar naitirojin ya cika jakar. Sababbin motoci sun koma wasu sinadaran. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke sare gwangwanin da sinadarin ke ciki da guduma a wajen 'yan gwangwan don neman ƙarfe. Guba ne, kuma yana iya tashi da hannun mutum. Tambayata ga Malam: tunda CN biyu sun ba da sayanojin, N₃ biyu fa?

Malam_Sinadari_Gumel:
Injiniya ka taɓo wuri mai daɗi. Shekara da shekaru littattafai suna cewa azayid sudohalayid ne da ba shi da sudohalojin ɗinsa, domin babu wanda ya iya riƙe N₆. Curtius ya samar da HN₃ tun 1890, amma N₆ ya gagara. Sai a 2025 wasu masana a Jami'ar Giessen ta Jamus suka ba da rahoton sun samar da shi daga azayid na azurfa, suka adana shi a cikin matsanancin sanyi, irin na ruwan naitirojin. Littafin da ke hannun Ɗalibi_Jahun ina kyautata zaton bai kawo wannan ba. Na tayosayanet kuma, (SCN)₂, Söderbäck ya samar da shi a 1919, amma ba ya daɗewa, sai ya dunƙule ya zama wani jan abu kamar garin bulo.

Nura_Gwaram:
Ba wannan sayanayid ɗin ba ne ya kashe yara a Zamfara wajen haƙar zinare?

Hafsat_Kazaure:
A'a Yaya Nura, na Zamfara a 2010 gubar dalma ce, daga duwatsun da ake daka a cikin gidaje. Amma gaskiya ne ana narkar da zinare da ruwan sayanayid a manyan ma'adinai, tun 1887 aka fito da hanyar. Wannan riƙon ƙarfen dai da nake ta magana a kai.

Malama_Rabi_Ringim:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ɗalibi_Jahun, ka riga ka gamu da waɗannan sinadarai tun kana aji shida na sakandare, ba a dai gaya maka sunan gidansu ba. A gwajin WAEC, in ana neman Fe³⁺, me ake ɗigawa? Tayosayanet na fotasiyam, ruwan ya koma ja kamar jini. Ko kuma K₄Fe(CN)₆, a samu shuɗi mai duhu. Makarantar da nake koyarwa ɗakin gwajinmu babu komai sai kwalabe da suka yi ƙura, tayosayanet ɗin ma ya ƙare tun kafin in zo. Sai na tuna yawun mutum na ɗauke da shi. Na samo ɗan ferik kulorayid a wajen wata abokiyar aiki, na sa 'yan mata uku suka tara yawu a kwalbar gwaji, muka ɗiga. Launin bai kai jini ba, ja-ja ne mai ruwan goro, amma da muka ɗaga shi a taga kusa da kwalbar da muka sa ruwa zalla, kowa ya ga bambanci. Ajin ya yi tsit, sannan wata daga baya ta ce, "Malama, a bakinmu yake?" Na ce a bakinku yake. Na masu shan taba ya fi haka ja, domin hayaƙin na ɗauke da HCN, hanta kuma tana ta aikin mayar da shi.

Auwal_Taura:
Wannan shuɗin shi ne na marinar Ƙofar Mata?

Malama_Rabi_Ringim:
A'a, na marina daga ganyen baba yake, ba su haɗa komai ba. Wannan a birnin Balin aka fara samun sa a farkon ƙarni na 18. Daga gare shi Scheele ya fitar da HCN a 1782, kalmar sayanayid ma daga sunan shuɗi ne a harshen Girka. A cikinsa ƙarfe ya riƙe CN gam, shi ya sa ba ya cutarwa kamar sakakken. Ɗan uwansa ma ana sa ɗan mitsitsi a wasu gishirin leda don kada ya dunƙule.

Ɗalibi_Jahun:
Malamaina na gode ƙwarai, Baffa kuma ka yafe ni, na janye maganar cewa bai shafi ƙauye ba. Gonarmu ta bayan gari ma dawa ce. Maganar tayirod ta shige ni sosai. Amma har yanzu kalmar "jabu" ba ta kwanta mini ba. Jabun kuɗi ba ya aiki, waɗannan kuwa suna aikinsu, har sun fi na asalin a wani wajen. Da Hausa me ya dace mu kira su?

Injiniya_Wudil:
Sojan gona. Ya sa kaki, ya tsaya a ƙofa, an buɗe masa. Ai abin da Hajiya ta kwatanta ke nan.

Hafsat_Kazaure:
Sojan gona ya dace da tayosayanet a wuya, amma bai dace da sayanayid a jinin akuyar Baffa ba. Can ba kakin kowa ya sa ba, halinsa ne na kansa. Ni na fi son "masu kama da halayid", a bar shi a haka ba ƙari.

Malam_Sinadari_Gumel:
Ni a aji "makwaikwaya halojin" nake cewa. Malama Hafsat, ina nan kan bakana cewa kamar ta fi bambancin yawa, har ma suna auratayya da 'yan gidan: akwai ClCN da BrCN da ICN, kamar yadda ake da ICl tsakanin halojin biyu. Ki duba wannan ki dawo mu ci gaba.

Sani_Mai_Rogo:
Hajiya Ummu Khalil, kwana nawa ya kamata a jiƙa mai ɗacin? Matata kwana biyu take yi in kasuwar Laraba ta matso.

Ummu_Khalil_Nas:
Ta ƙara, Malam Sani. Uku zuwa huɗu, har sai ya yi laushi yana marmashewa a hannu, a zubar da ruwan inda dabba ba za ta sha ba, sannan a farfasa ƙanana a shanya ya bushe sosai. In kasuwa ta matso gara a kai na makon gaba.

Malama_Rabi_Ringim:
Wanda ke kusa da Ringim ko Taura kuma yake da ragowar AgNO₃ a makarantarsu, ko cokali ɗaya ne, ya yi mini magana. Ina so 'yan aji shida su ga farin nan na kulorayid da idonsu kafin jarrabawa, gishirin girki muna da shi.